Tsohuwar Akori-kura da Haƙƙinta a Kanmu

 

Yanzu da masara ta yi goyo, dawa ta fara rufe mutum, auduga kuma ta soma fure, hankalin manomi duk ya koma kan abin da ke cikin gona, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma ni a daren yau ina so in janyo hankalinmu daga gonar zuwa ƙofar gida, inda wata dukiya take tsaye a gindin darbejiya, ruwa yana dukanta, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, ba mai waiwayarta sai ranar da aka ɗinke buhu aka rasa abin da zai kai shi kasuwa. Ina nufin tsohuwar motar nan mai buɗaɗɗen baya wadda muke kira akori-kura, wadda duk wanda ya taɓa yin sammako ranar kasuwar Ɗandume ya san kamanninta: buhuna sun yi mata tozo, mutane sun hau bisa buhunan, karen mota yana maƙale a baya da waigi a hannunsa, tana tafe tana rangaji a kan hanyar da babbar mota ba za ta yarda ta sa ƙafa ba.

Kafin mu shiga maganar gyara ya kamata mu tuna yadda aka yi wannan mota ta zama tamu. Iyayenmu da kakanninmu a bayan jaki da takarkari suka riƙa kai auduga fuloti, daga can a kwashe ta zuwa injin gurza na kamfanin BCGA a Funtuwa da Malumfashi, sa'an nan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaurar Namoda a 1929, ya ɗauki dilolin ya yi kudu da su. A wancan zamani layin dogo da babbar hanya na kamfanoni ne da manyan attajirai, 'yar turbar da ke tsakanin gona da kasuwa kuwa ta jaki ce. Al'amarin bai sake sosai ba sai a 1975, shekarar da abubuwa biyu suka haɗu kamar an shirya: a nan aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya fasa hanyoyin ƙauyuka, ya kawo takin zamani da ingantaccen iri, har masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don yara su gasa, ta zama amfanin sayarwa buhu-buhu, a Kaduna kuma, a Kakuri, kamfanin Peugeot, wanda bakinmu ya mayar Fijo, ya fara harhaɗa motoci a ƙasar nan. Ga masara ta fi ƙarfin jaki, ga hanya an fasa, ga mota a kusa, ga naira da darajarta. Sai manomin da kaka ta yi wa kyau, da ɗan kasuwar hatsi, da ma'aikacin da ya yi tattalin albashinsa, suka sayi 404, daga baya 504, sabuwa fil, wasu kuma suka sayi Datsun da Toyota.

Wannan yalwa ba ta daɗe ba. Tun daga 1986, sa'ad da gwamnati ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi, har yau kuma ba ta sauko inda hannunsa zai kai ba. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 shekaru masu yawa bayan Faransa kanta ta daina, har zuwa wajen 2006 da aka tsayar da ita baki ɗaya. Ma'anar wannan kuwa ita ce autarsu ta doshi shekara 20, manyansu sun haura 40, da yawa sun girmi direbobin da ke tuƙa su, kuma ba a haifar sababbi. Abin da ke hannunmu shi ke nan, kullum raguwa yake yi. Tun kuma da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, ɗan abin da mai mota ke warewa don gyara tanki ne ke shanyewa. Duk da haka, abin da na shaida a tsawon shekarun da na yi ina hawa da sauka a wannan yanki shi ne, galibin motocin da suka kwanta ba tsufa ya kwantar da su ba, sakaci ne a ƙananan abubuwa waɗanda ba sa bukatar gareji, illa iyaka ido da kunne da tsumma da sufana.

Bara war haka na kai ziyara wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Malumfashi, wurin wani dattijo abokin mahaifina wanda ya ba shekara 70 baya, sai na iske shi zaune bisa buzu a gindin mangwaro, an ratayo injin motarsa da sarƙa a wani kakkauran reshe, motar kuwa tana gefe bakinta a buɗe. Ya ɗauko bakanike daga Malumfashi don a yi mata garambawul, amma bai bar masa aikin ya tafi gona ba. Ya shimfiɗa wankakkun buhuna, ya jera gwangwanayen madara, kowane rukunin noti da gwangwaninsa, na kan injin dabam, na famfon ruwa dabam, don kada ranar mayarwa a tsaya canki-canki. Jikansa kuma yana tsugune da tasa da kananzir da tsohon buroshi, yana wanke ƙarafan ɗaya bayan ɗaya yana kifewa. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wani ƙarfe mai kama da ƙaramin turmi marar gindi, ya ce, "Malam, ka ga sirrin Fijo. Wannan shi ne silif, a cikinsa fistin ke kai da kawowa. In ya cinye ba sai an yar da injin ba, zare shi ake yi a sa wani, kamar yadda ruwan fartanya ke cinyewa a sa sabo a ƙota guda." Ya ce karo na uku ke nan da ya yi mata haka tun da ya saye ta.

Ana cikin haka sai autansa, wanda shi ke tuƙa motar yanzu, ya ɗago wani boris na ƙafar baya ya ce, "Baba, wannan ai zai ƙara mana kaka ɗaya." Dattijon ya karɓa, ya sa yatsa ya juya shi a hankali daf da kunnensa, sa'an nan ya kai shi kunnen yaron. "Ka ji yashi a ciki?" Yaron ya ce ya ji. "To, abin da ke kuka a hannu, a hanya ihu zai yi, kuma ba zai zaɓi inda akwai mutane ba. Jefa shi cikin kayan 'yan gwangwan." Daga nan ya aika aka ɗauko masa wani littafin makaranta wanda bangonsa ya sha maiƙo, ya buɗe mini. A ciki ya rubuta da ajami ranar kowane juye, da ranar da aka sauya fulogi, da inda ya sayi kowane kaya da nawa ya saya. Mitar motar ta daɗe da tsayawa, saboda haka da ganin wata yake lissafi, da kuma yawan zuwa kasuwa.

Wannan bawan Allah bai taɓa zaman koyo a gareji ba, amma ya san abin da ke kashe injin a ƙasarmu, kuma babbansu zafi ne. Gangar jikin injin Fijo baƙin ƙarfe ne na zubi, kansa kuwa na sanholo ne, irin ƙarfen nan marar nauyi da ake yin tukunya da shi, kuma su biyun ba sa jure wuta daidai. Idan ruwa ya ƙare a lagireto, ko fanbel ya saki, ko tiyo ya tsage, har injin ya tafasa, kan ne ke fara lanƙwashewa, gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai, mutum ya zaro sandar auna mai ya ga ta fito da launin shayi mai madara. Daga nan kuwa magana ta wuce gida. Alhali asalin ɓarnar sau da yawa bokiti ɗaya ne na ruwan kududdufi da aka ɗura a hanya, wanda lakarsa ta kwanta ta toshe ƙananan hanyoyin lagireto a hankali. Yanzu da sama ke ba mu ruwa mai tsabta kyauta, a tara shi a jarka a ajiye wa mota, ya fi na rijiya mai kanwa-kanwa nesa ba kusa ba. Kuma idan ta riga ta yi zafi, a kashe ta a yi haƙuri ta huce don kanta; wanda ya buɗe murfin lagireto yana tafasa zai ƙone fuskarsa, wanda ya kwara wa injin ruwan sanyi zai iya tsaga shi.

Baƙin mai kuwa kowa ya san farillarsa, sai dai muna jinkirta ta har lokacinta ya fita. Tsohon injin da ke shan ƙura da kaya irin namu bai kamata ya wuce kilomita 5,000 ba a yi masa juye an sauya filta ba, kuma ƙara mai a kan tsohon mai ba juye ba ne. Man kwalba da ake jerawa a bakin hanya, wanda ba a san daga wane injin aka tsiyayo shi aka tace ba, araha ce wadda ba ta ado. Haka nan matatar iska: da hunturu ya kama, ƙurar da muke gani a hanyar kasuwa ita injin ke shaƙa, kuma na ga direbobin da ke cire matatar ɗungurungum wai don mota ta ƙara numfashi, ba su san sun ɗora zoben fistin a kan dutsen niƙa ba.

Akwai wata cuta kuma da ta keɓanci motar manomi, wadda motar birni ba ta san ta ba, ita ce takin zamani. Duk motar da ta yi jigilar taki a farkon damina, musamman yuriya, ƙwayoyin da suka zube a lungunan bodi suna jan laima suna cin ƙarfe dare da rana. A haɗa da fitsarin tumaki da awaki ranar kasuwa, da lakar da ta maƙale a jikin shasi ba a kankare ba, sai ka ga bayan 'yan shekaru mota ta ruɓe daga ƙasa alhali injinta lafiya lau. Maganin wannan wanka ne bayan kowane irin wannan lodi, a kankare lakar, a bar ƙarfen ya bushe, a shafa masa tsohon baƙin man da aka juye. Idan kuma za ta daɗe a tsaye, a share ƙwayar hatsin da ta zuba a ciki, domin ita ke gayyato ɓera, ɓera kuwa in ya ƙare hatsi wayoyi yake komawa ci; a cire kan batir, a riƙa tayar da ita ko sau ɗaya a mako. Ragowar man da aka juye da ruwan batir kada a zubar da su kusa da rijiya, fetur kuma kada ya kwana a ɗakin da ake hura wuta ko inda yara ke wasa.

To, yanzu mu zo ga inda na fi so in daɗe, wato maganar gawa. Mota ba ta mutuwa gaba ɗaya rana guda. Wadda shasinta ya karye, ko ta yi karo gabanta ya shige, ko maigidanta ya rasu magada suka kasa tayar da ita, la'alla giyarta tana nan garau, da aksil ɗinta na baya, da sifirin, da kafireto, da lagireto, da ƙofofi, da gilasai, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan rai ne ga wata 'yar'uwarta da ke kwance a ƙauye na gaba don rashinsa. Amma me muke gani? 'Yan gwangwan su zo da sikelinsu a lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu, kuɗin taki ya ci aljihu, su yi ciniki a kan kilo, su sa wuta su yayyanka ta, a loda a babbar mota a kai inda ake narkarwa. Ba na zargin 'yan gwangwan. Sana'arsu halal ce, kuma sun raba garuruwanmu da tarkace mai yawa. Amma giyar da masana'anta ta daina yi, a auna ta a sikeli ɗaya da ruɓaɓɓen kwanon rufi a kan farashi ɗaya, wannan ni a ganina tozarta dukiya ne, wanda shari'a ta hana ko da dukiyar ta mutum ce shi kaɗai. Balle kuwa wannan, wadda in an narkar da ita ba mai ita kaɗai ya yi hasara ba, duk mai irin motar a yankin ya yi.

Abin da ya dace shi ne, kafin a kira mai sikeli a kira bakanike. A kwance duk abin da ke da sauran amfani, a tsiyaye shi, a shafa masa mai, a toshe ramukansa da tsumma, a nannaɗe a buhu, a ɗora bisa katako nesa da ƙasa a ɗakin da ba ya yoyo, a rubuta a jikinsa ko mene ne da kuma irin motar da aka cire shi. Mai motar zai sami ninkin abin da sikeli zai ba shi, ko da a hankali ne. Abin da ba zai koma jikin mota ba ma yana da masu jiransa, kamar yadda muka saba tun da can: aksil da ƙafafunsa su zama amalanken shanu, ganyen sifirin da ya karye ya tafi maƙera ya dawo gatari ko adda, taya ta zama takalmi, tsohon tub ya zama guga da robar ɗaure kaya. Sai abin da ya rage bayan wannan duka shi ne rabon tukunyar narkarwa. Mutanen Kyuba, waɗanda Amurka ta sa wa takunkumin ciniki tun farkon shekarun 1960, har yau suna tuƙa motocin Amurka ƙirar shekarun 1950, kuma ba da wani sihiri ba sai don ba sa yar da noti. Da ma a ce a tashar Funtuwa da ta Malumfashi shugabannin ƙungiyar direbobi da ta kanikawa za su ajiye littafi guda, duk wanda ke da gawar mota ko kayan da ya kwance ya rubuta sunansa da ƙauyensa da lambar wayarsa, da mutum bai ɗauki hanyar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba don neman abin da ke ajiye a ɗakin maƙwabcinsa.

Idan kuwa tafiyar ta zama dole, to a tafi da ido. Kayan kasuwa iri uku ne a zahiri: akwai na Beljiyam, wato waɗanda aka kwance daga motocin Turai suka shigo ta Legas ko Kwatano, su ma na waɗannan tsofaffin motoci kullum ƙaranci suke yi, akwai na gida da aka kwance a nan, akwai sababbi a kwali, waɗanda a cikinsu akwai nagari akwai jabu, kwalinsu kuwa kusan iri ɗaya. Mu a gidanmu mun ɗanɗana. Shekarun baya giyar motar wana ta lalace ana tsakiyar tumatir, muka je wani shago a birni aka fito mana da wata a wanke tas, har da sabon fenti, muka juya ta da hannu ba ƙara ko kaɗan, muka biya. Ashe an cika cikinta da giris mai kauri don ya danne kukan haƙoran da suka cinye. Kwana uku da ɗaura ta, ya ɗauko kwandunan tumatir daga Ɗanja, giris ya yi zafi ya narke, giya ta cije a tsakiyar hanya da rana tsaka. Kafin a samo wata mota rabin kayan ya zama ruwa, kuma kayan ba nasa ba ne, na mutane ne da suka ba shi amana. Da muka koma, abin da mai shagon ya ce mana shi ne kaya in sun fita ba sa dawowa.

Wannan magana tasa ba ta da asali a shari'armu. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaid a zauren malaminsa ya san cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, algus haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya iske aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Haka nan malamanmu na mazhabar Maliku sun ɗora lamuni a kan mai sana'ar hannu game da abin da aka ba shi ya tafi da shi don ya yi aiki. Saboda haka bakaniken da aka bar wa mota ya cire mata kafireto na asali ya sa nasa gajiyayye, ya ci amana, kuma biya ya wajaba a kansa. Ina faɗin wannan ne ba don in ɓata masu sana'a ba, domin galibinsu mutanen kirki ne waɗanda da ba don su ba da tuni ƙauyukanmu sun koma kan jaki. Ina faɗi ne don mai saye ya san haƙƙinsa. Ka tafi da tsohon kayan a hannu a gwada su kai da kai. Ka tafi da bakaniken da ka amince da shi. Ku yi sharaɗin kwanakin gwaji tun kafin kuɗi ya fita, a gaban shaida, a rubuta a rasit. In injin ne sukutum, a rubuta lambarsa, domin wata rana jami'in tsaro zai tambaye ka. Kayan da aka kawo maka da dare a rabin kuɗi, mai shi yana waige-waige, ka bar masa abinsa.

Duk wannan yabo da na yi wa tattali da kwance-kwance yana da haddi, kuma a nan nake roƙon a saurare ni da kyau. Malaman usulu sun gabatar da kiyaye rai a kan kiyaye dukiya, motar nan kuwa ba buhu kaɗai take ɗauka ba, tana ɗaukar matan da za su gidan biki, da tsofaffin da za su asibiti, da yara bisa kaya ba abin da ya tare su. Ƙofa ta gwanjo, fitila ta gwanjo, giya ta gwanjo, duk ba laifi; in sun ba da kunya hasara ce ta kuɗi. Amma birki da sitiyari da taya ba a yi musu dabara. Na ga an zuba ruwan sabulu a madadin man birki, na ga an zuba baƙin mai, wanda ke kumbura robobin birki har su daina riƙewa. Na ga sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba, wadda kanikawa ke kira tayarod, ta karye an kai wa mai walda ya liƙa an mayar. Na ga tayar da ta suɗe an sassaƙa mata sabon zane da wuƙa an shafa mata baƙi. Taya tana da ranar haihuwa a rubuce a gefenta, lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: in ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018, kuma roba tana tsufa ta tsattsage ko da ba a taka ta ba. A nan ne ƙaramin sani yake zama ƙuƙumi. Maigida ya duba man birki da kansa kullum safe, ya girgiza ƙafa ya ji ko tana da wasa. Amma kwance birki da sitiyari aikin gwani ne, da kaya sababbi nagari, ko da sai an sayar da buhu biyu.

Sa'an nan lodi. An ƙera wannan mota don ta ɗauki tan ɗaya da ɗan kai, wato buhun masara mai kilo 100 guda 10 zuwa 12. Mu kuwa sai mu je a ƙara mata ganyen sifirin uku ko huɗu, mu ga bayanta ya daina durƙusawa, mu ɗauka ta ƙara ƙarfi, mu ninka mata kaya. Alhali sifirin kaɗai aka ƙara, boris yana nan yadda yake, shasi yana nan, birkin da aka auna don tsayar da buhu 10 shi ne za a taka a gangare ya tsayar da 20 da mutane a sama. Direban da ya san birkinsa ba ya kamawa ya ɗebi mutane, ya sani kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, ina ga wanda aka yi bisa ganganci. Ga kuma halin da muke ciki na rashin tsaro a hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda lalacewar mota da magariba ta wuce maganar kwanan sauro. Fanbel guda a ajiye a ƙarƙashin kujera, da safaya taya mai iska, da fulogi biyu, na iya zama sanadin mutum ya kwana cikin iyalinsa. Wanda kuma zai shiga ƙarƙashin mota a gida, kada ya amince wa jak shi kaɗai, musamman yanzu da ƙasa ta jiƙe. Ya tokare ta da kututture mai kauri, ya sa waigi gaba da baya, ya kori ƙananan yara daga wurin.

Manyan yaran kuwa a jawo su kusa. Jikan dattijon nan da ke wanke ƙarafa a tasa, kafin la'asar ya san sunan kowane ɗaya da mazauninsa, kuma kanikawan da suka ƙware a kan kafireto da silif tsufa suke yi, matasa sun karkata ga gyaran babur da waya. Idan ba a koya a gindin mangwaro ba, nan gaba kaɗan za a sami kayan a rasa mai ɗaurawa.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Saura 'yan makonni a fara cire masara, lokacin da kowane gareji zai cika, kuɗin kowane kaya ya tashi, bakanike ya ce maka sai jibi. Gobe in Allah ya kai mu, bayan an karya kumallo, maigida ya kira ɗansa su buɗe bonet tare, su zaro sandar mai su ga launinta, su matsa tiyo, su danna fanbel, su taka birki su ji ko yana nutsewa, su karanta lambobin nan huɗu a gefen kowace taya. Abin da suka gani su rubuta a littafi. Wanda kuma ke da gawar mota a bayan gida, ina roƙonsa ya dakatar da mai sikeli har bakanike ya gan ta tukuna. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya ya dawo da mu lafiya.